Buhun Baba Tomeji

A ƙauyenmu idan ana so a ce mutum ba shi da kunya, ba a ɓata baki, sai a ce ya yi halin Tomeji. Mu mutane ne da za mu gwammace mu ci abinci lami da mu ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci neman gishiri. Tun yaro yana rarrafe ake hura masa a kunne cewa kada ya dami kowa, kada ya zame wa kowa wahala. Shi kuwa Kajihara Tomeji, manomin kabeji, ya yi kusan shekara arba'in yana tare mutanen da bai taɓa gani ba yana sa su dako, kuma ko a jikinsa.

Ni ba haifaffen nan ba ne. Shekarata ashirin da huɗu a ƙauyen, amma har yau Baƙo ake kirana, har mai kawo wasiƙa. Yadda aka yi na zo kuwa, ni ma buhun na ɗauka.

Ƙauyen yana bakin Aokigahara, dajin da ke gindin Dutsen Fuji. Masu sauka daga bas a matsayar da ke kusa da dajin kashi biyu ne. Akwai 'yan yawon buɗe ido, da manyan takalma da kyamara, suna tambayar inda ake ganin fatalwa. Akwai kuma waɗanda suka zo su kashe kansu. Su waɗannan su kaɗai suke zuwa, ba jaka, su ne ƙarshen sauka, kuma yawanci da takalmin ofis a ƙafarsu.

A kakar shekarar 1998 na sauko daga bas ɗin ƙarfe uku da irin wannan takalmin. Maɗaba'ar da nake wa aiki a Kawasaki ta rufe. Wata biyar ina sa kwat kullum da safe, in je in zauna a lambun gari har yamma, don kada matata ta sani. Ranar da ta gane, ta kwashe kayanta. Na share ɗakina tsaf, na mayar wa maƙwabcina lemar da na ara, na hau jirgin ƙasa.

A kan bencin matsayar na tarar da wani dattijo a duƙe, ya dafe ƙugu, ga buhu a gabansa.

"Samari, zo ka kama min," ya ce.

Na ce ina sauri.

"Saurin zuwa ina? Nan gaba ba komai sai itace. Bayana ne ya riƙe. Gida na nan kusa, bayan kwanar can."

Bai dubi fuskata ba, takalmina ya duba. Kafin in sake buɗe baki ya miƙe ya kama hanya yana nishi, ya bar mini buhun a ƙasa. To, mutumin da uwarsa ta yi wa tarbiyya ya zai yi? Ya bar kayan tsoho a bakin titi? Na saɓa buhun na bi shi, ina zaginsa a zuciya.

Bayan kwanar akwai wata kwana, bayanta ma akwai wata. Kilomita biyu da rabi ne, duk hawa. Yana gaba yana ba ni labarin tsutsar kabeji da rashin hankalin karen maƙwabcinsa. Kafin mu isa rigata ta jiƙe sharkaf, kafaɗata tana zogi, kuma karo na farko cikin wata biyar na ji yunwa, na ji haushin wani mutum ba kaina ba.

Matarsa Matsue, wata 'yar ƙaramar mace mai sauri, ta tarye mu a ƙofa. Ina cire takalmi ta sure su.

"Sun jiƙe," ta ce.

Kwana goma rabon da a yi ruwa a yankin. Ta cusa musu jarida, ta ajiye su bayan murhu inda sai ka tsallake ta za ka kai. Ta zubo mini taliya mai faɗi da kabewa. Ina gamawa Tomeji ya ce ƙwan lantarkin baranda ya mutu, shi kuma ba ya iya miƙa hannu. Daga nan ƙofar ɗaki, irin wadda ake ja gefe, ta fita daga layinta. Kafin in gama da ƙofar bas ɗin ƙarshe ya wuce. Da gari ya waye aka ce ana cire kabeji kuma hannu ya yi kaɗan. Aka gama cire kabeji ƙanƙara ta sauko, aka ce wa zai share musu hanya. Yau ga ni a gidan da ke jikin nasu, wanda masu shi suka koma birni, ina noma kabejin da Tomeji ya ce ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci.

A kwana na uku na leƙa ta taga da safe na ga tsohon nan a miƙe kamar taɓarya, ya cilla buhun a kafaɗa yana gangarawa matsaya yana fito. Da ya dawo da shi da yamma na buɗe. Kabeji biyu ne a sama, ƙarƙashinsu duwatsu uku masu sulɓi, irin waɗanda mata ke ɗorawa a kan ganyen da suka jiƙa da gishiri.

"Baba, ashe bayanka lafiya lau?" na ce.

"Da safe lafiya lau. Wajen ƙarfe uku yake tashi."

"Duwatsuna ne," Matsue ta ce daga kicin. "Shekara goma sha huɗu ganyena yana ruɓewa saboda wannan mutumin. Na ce ya ɗebi na gona, wai suna da tsini, suna sukar baƙi."

Ita ta ba ni labarin mafarin abin, don shi ba ya maganarsa. Yana cikin 'yan kwana-kwanan sa-kai na ƙauye, waɗanda kowace kaka suke bin 'yan sanda cikin dajin a kwaso waɗanda ba su fito ba. Duk shekara in ya dawo sai ya yi kwanaki ba ya cin abinci. Wata shekara bayansa ya riƙe da gaske a matsayar, yana ɗauke da buhun taki, ya roƙi wani baƙo ya kama masa. Baƙon ya kawo buhun, aka ba shi abinci. Da zai fita ya tsaya a ƙofa yana ɗaure takalmi, ya ce, "Baba, da ba ka kira ni ba..." Bai ƙarasa ba. Ya hau bas mai komawa tashar jirgi. Ciwon bayan Tomeji ya warke cikin kwana biyu, amma a na uku ya ɗauki buhu ya koma benci.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma a kanta ba ya wasa. Buhu kada ya yi sakayau, don mutum zai kai shi kwana ɗaya ya dire. Kada kuma ya yi nauyin da za a ce ba za a iya ba. Ba a tambayar mutum sunansa ko abin da ya kawo shi. Ba a yi masa wa'azi, ai allunan da hukuma ta kafa a bakin dajin suna yi. Abin da ya fi jaddadawa shi ne ba a ba da haƙuri.

"Kana cewa 'yi haƙuri' ka buɗe masa ƙofa," in ji shi. "Shi ma zai ce 'yi haƙuri', ku sunkuya wa juna, ya wuce. Ka ɗora masa kawai, ka juya baya."

Kada a ɗauka waliyyi nake ba da labari. Rashin kunyar tasa ba ta tsaya a matsayar bas ba. Ya ari baron mai unguwa tun 'yar mai unguwar tana goye, har ta yi aure bai mayar ba. Ya ari tukunyar dafa shinkafar biki ta Inna Osano, maƙwabciyarmu ta gaba. Ya ari tsanina na kwana ɗaya, ya shekara goma sha ɗaya a ɗakin ajiyarsa. In ka tambaya sai ya ce, "Ai yana nan lafiya," kamar ɗa ka kai masa riƙo. Mutanen ƙauye sun san abin da ke cikin buhun, sun san dalili, amma ba wanda ya taɓa yabonsa a fuska. Sun ci gaba da cewa ba shi da kunya, shi ma hakan ya fi masa.

'Yan kyamara kan tsaya su tambaye shi ko ya taɓa ganin fatalwa.

"Shekara tamanin ban ga ko ɗaya ba," yakan ce. "Da na gani da ta ɗaukar mini buhu."

Ba kullum ake dacewa ba. Wasu sukan wuce shi kamar ba su ji ba. Wasu sun ɗauki buhun, sun ci taliyar Matsue, sun yi godiya, bayan mako aka same su a cikin dajin. Irin wannan ranar ba ya cin abinci, ba ya magana, washegari ya saɓa buhu. Bai taɓa ƙirga waɗanda suka koma gida ba. Katunan gaisuwar sabuwar shekara dai sukan zo daga garuruwan da ba shi da kowa, Matsue ta zuba su a gwangwanin biskit.

Wasa-wasa duƙawar ƙarya ta zama ta gaske. Da ya haura tamanin ni nake kai masa buhun matsaya a 'yar a-kori-kurata. Sai Matsue ta rasu a hunturun bara waccan, duwatsun suka zama nasa shi kaɗai, ba mai yi masa mita. Ya ci gaba da zuwa, amma in an samu baƙo sai dai a ci taliyar da na dafa, wadda ya ce ita kaɗai ta isa ta mayar da mutum dajin.

A damina ya faɗi a cikin bahon wanka ya kasa fita. Ni na ji bugun bango na je na ciro shi tsirara, na goge shi, na sa masa kaya. Kwana uku bai yi mini magana ba. 'Yarsa Chizuru, wadda ke dafa abinci a wata makaranta a Kofu, ta zo ta ce za ta ajiye aiki a ƙarshen shekara ta dawo ta kula da shi. Ya durƙusa ya sa goshi a tabarma ya yi wa 'yar cikinsa godiya, irin wadda ake yi wa baƙon kunya. Daga ranar ya daina zuwa matsaya.

Akwai tatsuniyar da ake yi wai a zamanin yunwa ana goya tsofaffi a kai su dajin a bar su. Wata rana muna shan shayi ya ce, "Mutanen zamanin da sun fi mu tarbiyya. Su goya ka suke yi. Yanzu sai tsoho ya kai kansa." Na yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunya.

Ranar da nake son ba da labari wata Laraba ce a watan Oktoba. Na dawo daga gona wajen ƙarfe biyu na tarar da tsanina a jingine jikin ƙofata, an goge shi tas. Ga shatin jan sa a ƙasa tun daga ɗakin ajiyar Tomeji. Ina tsaye ina murmushi sai ga Inna Osano rungume da tukunya.

"Baƙo, yau rana ta ina ta fito? Tomeji ya dawo mini da tukunyata. Mai unguwa ma an ce ya zo ya ɗauki baronsa."

Sai lemar maƙwabcina na Kawasaki ta faɗo mini a rai, na ruga gidan Tomeji.

Gidansa a share yake, kwanuka a kife, shimfiɗa a naɗe. Gaban hoton Matsue tokar turare ce sabuwa. Takalman gonarsa suna bakin ƙofa a jere, baƙin takalmin da yake zuwa jana'iza da shi kuwa babu. Na ɗauko buhun daga ɗakin ajiya na jefa a mota. Na ajiye motar a kwana ta ƙarshe, na saɓa buhun na ƙarasa a ƙafa.

Yana kan benci cikin baƙar kwat, ya ɗora haɓa a kan sanda yana mayar da numfashi. Gangaren ya cinye masa awa huɗu. Tsakaninsa da bakin dajin bai fi taku ɗari biyu ba. Na duƙa, na dafe ƙugu, na taho ina nishi, na dire buhun a gabansa.

"Baba, bayana ya riƙe. Kama min."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wane ɓangaren?"

"Nan."

"Ɗazu hagu ka dafe, yanzu dama. Shekara ashirin da huɗu kana kallo ba ka koyi komai ba. Kabejinka ma haka. Je ka gida, Baƙo."

"Ba zan iya ɗauka ba."

"Ni ma ba zan iya ba. Ai zancen kenan. Chizuru shekararta talatin a wurin aikin nan. Za ta bari don ta riƙa wanke mini gindi."

"Kai ne yau kake jin nauyin sa mutum aiki? Kai?"

"Wancan wasa ne. Ina sa su ne ina sane da cewa zan iya ɗaukar abina. Wannan kuwa gaske ne."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da ni kaina na sauko a wurin. Ina son tsohon nan fiye da uban da ya haife ni, kuma ban taɓa gaya masa ba, don da na faɗa da ya ce in je in duba kabejina. Ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya fuskanci dajin. Daidai nan bas ɗin ƙarfe uku ya tsaya.

Matasa uku suka sauko da kyamara suna dariya. Can ƙarshe wata mata ta sauko, za ta kai hamsin, da siket na ofis da takalmi mai tsini, hannunta ba jaka. Ni da Tomeji duk ƙafarta muka kalla.

Na sake duƙawa. "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, don Allah in ba damuwa, ko za ki ɗan..."

"Ku yi haƙuri," ta ce. Ta sunkuya, na sunkuya, ta wuce.

"Sakarai," Tomeji ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta yi taku goma, ta yi ashirin. Yana tsaye yana kallon bayanta. Sai na ji muryar nan da na sani, wadda ba ta san kunya ba.

"Ke! Yaya! Zo ki kama!"

Ta tsaya cak.

"Wannan sakaran ɗana ne, bayansa ya riƙe. Ni kuma kin gan ni. Gida na nan kusa, bayan kwanar can."

Bai jira amsa ba. Ya ba dajin baya ya kama hanyar gida, na bi shi ina ɗingishi. Ban waiwaya ba, don ƙa'ida ce. Can na ji tsinin takalmi yana dawowa, na ji nishin mai ɗaga kaya. Bai taɓa kirana ɗansa ba sai ranar, ko da yake da sakarai ya haɗa.

Ba mu yi taku hamsin a hawan ba ƙafafunsa suka ƙi. Ya tsaya. Na jira ya dafe ƙugu ya yi nishin da ya saba, bai yi ba.

"Baƙo."

"Na'am, Baba."

"Ba zan iya ba. Ɗauke ni."

A hankali ya faɗa, yana kallon ƙasa. Na durƙusa na goya shi. Ba shi da nauyin da na zata, ƙashi ne kawai cikin kwat.

"Ba ka ce bayanka ya riƙe ba?" matar ta tambaya daga baya.

"Ya sake," Tomeji ya ce daga kafaɗata. "Haka yake masa. Ke dai ji da buhu."

A kwana ta farko muka zo daidai motata, makullin yana jiki. Ni da shi muka wuce ta kamar ba mu taɓa ganin ta ba. Sau shida muka huta a hanya. Yana bisa bayana yana ba matar labarin tsutsar kabeji, ita kuma tana haki, ta kai har ta fara tambaya da faɗa-faɗa wai kwana nawa ne a garin nan.

Da muka isa na sauke shi a bakin ƙofa. Matar tana cire takalmi ya miƙa hannu ya sure su.

"Sun jiƙe," ya ce.

Ya ja jiki da gwiwa har bayan murhu, ya cusa musu jarida yadda Matsue take yi. Sannan ya dawo ya zauna a dandamalin ƙofa ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Ya kwance igiyar baƙin takalmin, ya cire ɗaya, ya cire ɗayan, ya miƙo mini.

"Nawa ma sun jiƙe."

Na kai su bayan murhu na daɗe a can ina neman jarida, alhali tana gabana.

Matar ta canza ƙwan baranda, ta kwana huɗu tana cire kabeji, ta hau bas mai komawa tashar jirgi. Ba mu tambayi sunanta ba. Da Chizuru ta zo ya ce mata ta riƙe aikinta, ta riƙa zuwa Asabar da Lahadi, sauran kwanakin Baƙo zai yi masa wanka. Bai shawarce ni ba, a bakinta na ji. Yanzu kullum ƙarfe biyu da rabi nake sa shi a mota da buhun, shi ya yi kira, ni in yi goyo.

Tun washegarin ranar ya aiko matar nan ta karɓo masa aron tsanina na kwana ɗaya. Ko mataki ɗaya ba ya iya hawa. Tsanin yana can ɗakin ajiyarsa, kuma kullum da safe kafin in tafi gona sai na leƙa na ga yana nan.